Kurakuran da ke kayar da masu neman aikin koyarwa a kwalejin jinya

Kuskuren farko shi ne nas ya shiga intabiyu yana ta lissafa shekarun da ya kwashe a ɗakin marasa lafiya. Kwamitin ya riga ya ga wannan a takarda. Malami suke nema, wanda zai tsaya gaban ɗalibai ya koyar har su fahimta. Saboda haka a fayil ɗinka ka sa shaidar koyarwa: tsarin darasi biyu ko uku da ka rubuta da kanka, tambayoyin jarrabawa da ka taɓa tsarawa, da wasiƙa daga shugabar sashe mai tabbatar da cewa ka kula da ɗaliban da aka turo asibiti koyon aiki. Da yawa sun yi wannan aiki shekara da shekaru, amma ba su taɓa neman a rubuta musu ba.

Sai batun takardu. Lasisin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, shi ake fara dubawa, kuma idan wa'adinsa ya ƙare magana ta ƙare. Ka sabunta tun da wuri, ka haɗa da shaidar MCPDP, wato kwas ɗin ƙarin ilimi da hukumar ta wajabta wa masu lasisi. Bayan lasisi ka jera digirin jinya na BNSc, difilomar koyarwa irin PGDE, takardar NYSC ko ta yafewa, sannan sauran. Satifiket ɗin kowane taron bita ba sai ya shiga ba. Fayil mai kauri gajiyar da mai dubawa yake yi. Idan sunanka Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa kafin ranar.

Inda aka fi zubewa shi ne gwajin koyarwa. A ba mutum mintuna kaɗan, sai ya ɗauko ciwon suga gaba ɗayansa, ya cika majigi da rubutu, ya juya wa mutane baya yana karantawa. Ɗauki abu ƙarami, kamar auna hawan jini ko wanke hannu. Faɗi abin da ɗalibi zai iya yi in an gama darasin, ka nuna, ka jefa tambaya, ka rufe kafin a ce lokaci ya yi. Kuma ka shirya kamar za a ɗauke wuta, don ana ɗaukewa. Alƙalamin allo a aljihu, darasin a ka.

Akwai kuma masu zuwa ba su leƙa manhajar karatu ta NMCN ba, ba su san yadda ake tsara tashoshin OSCE, wato jarrabawar gwada aikin jinya a aikace, ba, ba su ma san ko kwalejin ta koma tsarin ND da HND na hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, ba. Ka bincika kafin ka je.

In an tambaye ka yadda za ka yi da ɗalibar da ke faɗuwa jarrabawa, kada ka tsaya a "zan yi mata nasiha". Kawo misalin wata da ka taɓa taimaka wa, ba tare da ambatar sunanta ba, ka faɗi matakan da ka bi da abin da ya biyo baya.