Idan ka sauka Alƙahira, fara da gaishe da mai gadi

Duk shekara sababbin ɗaliban Azhar tambayoyinsu ɗaya ne: ina ake sabunta iƙama (takardar izinin zama), nawa ne haya a unguwar Hayyul Ashir, wace mota ke zuwa Abbasiyya. Duk ina amsawa. Amma kafin nan sai na ce musu su lura da mutumin da ke zaune kan benci a ƙofar bene.

Bawwab suke ce masa. Za ka gan shi da jallabiya mai faɗin hannu, wani sa'in da ɗan rawani. Yawancinsu 'yan Sa'id ne, kudancin Masar, daga wurare irin su Asyut da Sohaj. Shi da matarsa da 'ya'yansa a ɗaki guda suke kwana a ƙasan bene. Shi ke wanke matakala, shi ke ɗauko tukunyar gas idan ta ƙare, kuma shi ya san ɗakin da za a saki wata mai zuwa tun dillali bai ji labari ba.

Mu kuwa a gida mun saba ɗaukar mai gadi tamkar ƙyauren ƙofa. Haka na yi a shekarata ta farko. Wata uku ina wuce namu da littattafai a hammata, ko sallama sai na ga dama, wai ni ɗalibin ilimi. Ran nan cikin sanyin Janairu zazzaɓi ya kwantar da ni, abokin ɗakina ya yi tafiya. Kwana biyu tsohon nan bai ga na sauko ba, sai ga shi ya hau hawa biyar yana buga ƙofa. Shi ya tare tasi, shi ya zauna da ni har aka gama ƙarin ruwa. Washegari ƙaramar 'yarsa ta kawo min miyar adas, wani irin ƙaramin wake, da zafinta a kwanon silba. Na sha, amma kunya ta fi zazzaɓin damuna.

Ka koyi yadda suke kiran juna. Dattijo "ya ammu" ne ko "ya haj". Direban ƙaramar bas "ya usɗa". Kowa ma idan ka ce masa "ya basha" zai yi murmushi, ko da mai sayar da ful, wato dafaffen wake, ne a amalanke.

Da asuba za ka ji masu kwasar shara, zabbalin. Da yawansu Kiristoci ne Kibɗawa daga Manshiyat Nasir, a gindin dutsen Muƙaɗɗam. Kayansu da dauɗa, ai aikin ne ya gaji haka. Ka ɗaure bakin ledarka da kyau, fasasshiyar kwalba ka naɗe ta daban, don da hannu ake tsince sharar nan.

Inda aka fi shan wuya shi ne wanda ya fara yi maka rashin mutunci. Za a yi. Yaro zai bi ka a titi yana tsokanar baƙar fatarka, mai shago zai ninka maka kuɗi don ya ji Larabcinka na littafi ne. Ban ce ka bari a taka ka ba. Ka yi ciniki, ka tsaya kan haƙƙinka. Sai dai kada haushin yaro ɗaya ya sa ka ɗaure wa unguwa fuska. Sau da yawa dattijon da zai daka wa yaron tsawa yana nan kusa yana shan shayi.

Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, mutane masu yawa sun tsallako, haya ta yi tsada, wasu ɗalibanmu har suna jin zafinsu. A yi hattara. Matar da ke sayar da turare a bakin titi wataƙila da gidanta da motarta ta baro a Khartoum. Na taɓa taya wata tsohuwa ɗaukar buhu a Hayyul Ashir, ta ji ina waya da Hausa, sai ta ce, "Ɗan nan, kai ɗan ina ne?" Ashe 'yar Mai Wurno ce, wani gari a Sudan, kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka yi hijira. Muka tsaya a bakin titi muna gaisawa kamar a ƙofar gida, har bas biyu suka wuce ni.