Yaro a Waje Bayan Ƙarfe Goma, Motar Kwana a Ƙofar Gida: Yadda Za Ka Zauna Lafiya da Dokar Shikago

Duk wanda ya iso Amurka da iyali, abu na farko da nake gaya masa shi ne ya daina tambayar "me dokar Amurka ta ce?" a kan maganar dare da maganar titi. Gwamnatin tarayya ba ruwanta da ƙarfe nawa ɗanka zai shigo gida, ba ruwanta da inda ka yi fakin. Wannan hurumin gari ne, wani lokaci na jiha. Ni a Shikago nake zaune, unguwar West Ridge kusa da titin Devon, tuƙin motar kaya nake yi, don haka yawancin abin da zan faɗa na nan ne. Ka yi arewa kaɗan ka haye titin Howard, ka shiga Evanston ke nan, gari mai majalisarsa da kundin dokokinsa. Saboda haka kafin komai, ɗauki takardar hayar gidanka ka duba sunan garin da ke jiki. Da yawa cikinmu muna cewa "ina Shikago" alhali a Skokie ko Oak Park muke kwana.

Mu da muka taso a Jos, in aka ce an sa dokar hana fita, soja muke gani a randabawul, kowa na tafe hannu sama. Ta nan ba haka take ba. Gari na harkarsa, manya na yawonsu, yara kaɗai ta shafa, kuma kullum tana aiki ko ana zaman lafiya.

Ga lokutan, ka rubuta ka manna a jikin firij. Yaron da bai cika shekara 12 ba, ya kasance a gida daga 8:30 na dare ranakun Lahadi zuwa Alhamis, Juma'a da Asabar kuma daga 9:00. Mai shekara 12 zuwa 17, ƙarfe 10:00 ne kowace rana, ba bambancin ƙarshen mako. Duka har zuwa 6:00 na safe. In wani tsohon ɗan gari ya ce maka ai ranar Asabar sha ɗaya ne, ko ya ce ɗan shekara 17 ba ya ciki, tsohon zance yake ba ka. Haka abin yake da, amma a watan Mayun 2022, bayan an harbe wani yaro ɗan shekara 16 a filin shaƙatawa na Millennium Park, majalisar birni ta ƙara tsananta dokar a zamanin magajiyar gari Lori Lightfoot. A 2025 ma 'yan majalisar sun so a ba shugaban 'yan sanda ikon sa dokar hana fita ta ba-zata a duk inda matasa suka taru, magajin gari Brandon Johnson ya hau kujerar na-ƙi. Abin da nake so ka fahimta shi ne dokar ba ta zama wuri ɗaya. Duk shekara in zafi ya kusa shigowa, buɗe kundin dokokin birni a intanet ka nemi sashe na 8-16-020 ka sake karantawa, ko ka kira 311 ka tambaya. Wannan lambar ta ƙorafi da tambaya ce, kada ka haɗa ta da 911 ta kiran gaggawa.

Wanda ake kamawa da laifi ba yaron kaɗai ba ne. Uba ko uwa ko mai riƙo da ya bar yaro a waje da saninsa, ko don sakaci, shi ma ya karya doka, kuma tara na iya kai dala 500, ko a sa shi aikin gayya na al'umma.

Sai dai dokar ta bar ƙofofi, kuma nan ne ya kamata ka natsu. Yaro ba shi da laifi in yana tare da iyayensa ko mai riƙonsa. Haka in aiki yake yi ko daga wurin aiki yake dawowa, ko wani abin gaggawa ya taso, ko yana tsaye a dakalin ƙofar gidansu, ko iyaye ne suka aike shi. Haka kuma in taron makaranta ne ko na addini wanda manya ke kula da shi. Amma akwai sharaɗin da ke maƙale da aike da aiki da taro: tafiya da dawowa kai tsaye, ba ratse, ba tsayawa.

Wannan sharaɗin shi ke cin yaranmu da azumi. A shekarun nan Ramadan na faɗowa ƙarshen sanyi, ana idar da asham da wuri, ba matsala. Goman ƙarshe ne abin lura, lokacin tahajjud, da samari ke fitowa masallaci ƙarfe biyu ko uku na dare. Daga masallaci zuwa gida, doka na bayansu. Amma in suka ce bari mu biya shagon da ba ya rufewa mu ci wani abu na sahur, suka tsaya su shida a bakin titi ana hira ana dariya, sun fita daga inuwar. Abin da nake yi wa nawa shi ne in roƙi liman ya rubuta 'yar gajeruwar takarda a kan takardar masallaci mai hatimi: sunan yaro, dararen da ake sallar, lokacin farawa da na tashi, da lambar wayar wani babba. Yaron ya ninke ta ya sa a bayan rigar wayarsa tare da katin makaranta. Doka ba ta ce dole sai da ita ba. Amma ta ce ɗan sanda ya fara tambayar yaro shekarunsa da dalilin fitowarsa kafin ya ɗauki mataki, kuma yaron da ya miƙa takarda ya fi wanda ke in'ina. Mai aiki a gidan abinci shi ma ya karɓi irinta daga manajansa, ko ya ajiye hoton jadawalin aikinsa a waya.

Ka kuma zaunar da shi ka koya masa tsayuwar kanta. Kada ya gudu. Ya cire abin kunne, hannuwansa a fili, kada ya kai hannu aljihu sai ya faɗi abin da zai ɗauko. Ya haddace lambarka da ka, don waya na mutuwa. Ba na jin daɗin wannan hirar da yaro, amma 'ya'yanmu baƙaƙe ne, wasunsu suna da shekara 14 sun fi ubansu tsawo, kuma da daddare ba a karanta shekaru a fuska.

In ɗanka ya fara tuƙi, akwai wata dokar daban, ta jihar Ilinoi da Shikago ke cikinta: direban da bai kai 18 ba ba ya tuƙi daga 10:00 na dare zuwa 6:00 na safe ranakun Lahadi zuwa Alhamis, Juma'a da Asabar kuma daga 11:00. Wannan lasisinsa take taɓawa.

Ga masu zuwa ziyara wasu jihohi, a taƙaice: Los Anjalis na da tata, daga 10:00 na dare har fitowar rana ga duk wanda bai kai 18 ba. Jihar Tekzas kuwa tun 1 ga Satumban 2023 ta hana garuruwanta aiwatar da irin wannan doka baki ɗaya. Kada ka ɗauki agogon wani gari ka kai wani.

Yanzu motar kwana, wadda suke kira RV, mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Mutanenmu ba su cika sayenta ba, haya ake ɗauka lokacin hutun makaranta ko in za a je biki wata jiha da iyali mai yawa. Mafi yawansu ma a nan maƙwabta ake ƙera su, a Elkhart ta jihar Indiyana. Amma birnin Shikago ba ya maraba da su a titi. Sashe na 9-64-170 ya hana ajiye motar shaƙatawa da ta wuce ƙafa 22 a titin unguwa, ya kuma hana mai cikakken gida a ciki ko da ba ta kai haka ba. A layi ɗaya ya jera su da tirela da bas da motar kaya. Abin da aka bari shi ne tsayuwar loda kaya ko saukewa, ita ma a gaggauce.

Ƙanin matata ya zo mana suna daga Ohayo da irin wannan mota, ta haya. Ya faka ta tsaf a ƙofar gida, ya sauko yana murna, yara na leƙowa ta tagogi. Na ɗauko tef ɗin awo na ce ya riƙe bakin a bambar gaba, na ja har tsanin da ke baya: ƙafa 25. Ya ce, "Yaya, ai ba kwana za mu yi a ciki ba, ajiyewa kawai zan yi." Na ce masa mai rubuta tara ba ya leƙa gado, tsawo yake gani da irin motar. Muka sauke jakunkuna da kulolin abinci, kafin magariba mun kai ta wani filin ajiya na haya a bayan gari, ya dawo a motata.

Saboda haka ka nemi wurin kwananta tun kafin ka biya kuɗin haya. Filayen ajiya na kuɗi suna nan a garuruwan kewaye. In kwana za ku yi a ciki, akwai sansanoni na hukuma: dazukan shaƙatawa na gundumar Cook suna da su, kamar Camp Bullfrog Lake da Camp Reinberg, sai Illinois Beach can arewa a Zion, da Indiana Dunes ta gabas a bakin tafki. Da rani cika suke yi, ka kama wuri da wuri. Zancen da ake yi cewa kowane filin fakin na manyan shagunan Walmart ana iya kwana kyauta, kada ka dogara da shi. Ya danganta da manajan shagon da dokar garin, ka kira ka tambaya. Kada ka tura ta lungun da ke bayan gidaje, hanyar motar shara ce da ta kashe gobara. Kada ka zubar da ruwan banɗakinta a kwata, akwai wuraren juyewa a sansanonin. Ka kuma rubuta tsayin motar a takarda ka manna kusa da sitiyari, domin Shikago cike take da gajerun gadojin jirgin ƙasa, mu masu manyan motoci mun san su ɗaya bayan ɗaya. Taswirar wayarka ba ta san akwai na'urar sanyaya ɗaki a saman rufinka ba.

Wasu garuruwan da allo suke aiki. A Los Anjalis za ka ga alamar da ta hana motar da ta wuce ƙafa 22 a tsawo ko ƙafa 7 daga ƙasa zuwa rufi tsayawa daga 2:00 zuwa 6:00 na asuba. A garuruwan Kalifoniya da dama kowace irin mota ce, in ta yi awa 72 ba ta motsa ba ana iya janye ta. Oak Park da ke jikinmu kuwa ko ƙaramar mota ba ta kwana a titi daga 2:30 zuwa 6:00 sai da izini.

Akwai wata dokar da ta shafi kowa, mai RV da mai ƙaramar mota. Daga 1 ga Disamba zuwa 1 ga Afrilu, an hana fakin daga 3:00 zuwa 7:00 na safe a mil 107 na manyan titunan Shikago, ko dusar ƙanƙara ta sauka ko ba ta sauka ba. Asalinta guguwar ƙanƙarar 1979 ce, wadda ta toshe gari har ta ci kujerar magajin gari Michael Bilandic, shi ya sa ba wanda ke wasa da ita. Daren farko na Disamba motocin janwe a shirye suke kwana. In aka ja taka, kuɗin janwe dala 150, tara dala 60, ajiya dala 25 kowace rana. Ka lura da awannin: lokacin tahajjud da sahur da sallar asuba ne daidai. In masallacinku a babban titi yake, ɗaga kai ka karanta allon da ke jikin turke kafin ka kashe mota, ko ka shiga ƙaramin layi ka ƙarasa da ƙafa. Wasu titunan kuma, kusan mil 500, haninsu na farawa ne in ƙanƙara ta kai inci 2. Daga Afrilu sai a koma sharar titi, a riƙa ɗaura alluna ruwan lemo a jikin bishiyoyi. Famfon kashe gobara kuma ka ba shi ƙafa 15 a kowane yanayi.

In ka fito ba ka ga motarka ba, kira 311 da lambar motar kafin ka ce sata ce, za a gaya maka filin da aka kai ta. Je ka da lasisinka da takardar mallaka, ko takardar haya in ta haya ce, kuma ka je ranar, tunda kuɗin ajiya kullum ƙaruwa yake. In takardar tara ce aka maƙala maka kuma kana ganin ba ka da laifi, ɗauki hoton motar da allon da lambar gidan da ke kusa tun kafin ka motsa ta. Kana da kwana 7 daga ranar da aka rubuta ka ƙalubalanta, in kuma ka bari takarda ta zo ta gidan waya, kwana 21 daga nan. Ana yi ta intanet, ba sai ka bar aiki ba. In motar haya ce, ka biya ko ka ƙalubalanta da kanka da wuri, don in takardar ta kai ga kamfanin, daga katinka za su cire har da ladan wahalarsu. Kada kuma ka tara su a aljihun mota: uku da aka yanke hukuncinsu ba a biya ba sun isa a ɗaure tayarka da ƙarfe, biyu ma sun isa in sun haura shekara.