Yadda Ake Kula Da Akushin Urushi Na Japan

Urushi ƙaro ne da ake shafe akushin ice da shi, ana tatsarsa daga wata bishiya, tsakanin watan Yuni da Oktoba. Bishiyar sai ta shekara 10 zuwa 15 kafin a tsaga ta, kuma abin da take bayarwa gaba ɗaya bai wuce giram 200 ba. Shi ya sa kwanon garin Wajima, da ke yankin Ishikawa a Japan, yake da ɗan karen tsada: ana ƙarfafa bakinsa da ƙyalle, a yi masa shafe bisa shafe, kowanne sai ya ƙame an goge kafin a ɗora wani.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, laima ce ke ƙamar da urushi, ba bushewar iska ba. Masu sana'ar kan ajiye sabon shafe a cikin kabad mai danshin kashi 70 zuwa 85 cikin ɗari, da ɗumin digiri 20 zuwa 30. To, ko bayan ya ƙame, bushewa abokiyar gabarsa ce. Icen da ke ciki yana tsukewa, shafen kuma ba ya binsa, sai ka ga tsaga siririya kamar gashi ta taso daga baki. Wanda ya zo da irin wannan akushi ƙasar da ake hunturu, ya ajiye kofin ruwa kusa da shi a kabad, kada ya bari ruwan ya ƙafe. Firij ma busarwa yake yi.

Wanki: ruwan ɗumi, ɗan sabulu mara kaifi, soso mai laushi. Kada ka jiƙa shi ya kwana, kada ka haɗa shi da cokulan ƙarfe ko tangaran. Da ka ɗauraye, tsane shi da ƙyallen auduga, don ruwan da ya bushe da kansa yana barin tabo. Miyar da take tafasa kan sa launin ya koɗe ya yi fari-fari, bari ta ɗan huce tukuna. Na'urar ɗumama abinci kuwa, ko kusa.

Rana ce mafi muni. Haskenta na cin fuskar shafen har sheƙin ya mutu, kuma ba ya dawowa da goga, don haka kada ka jera shi a bakin taga. Amfani da shi kullum ya fi ɓoyo, don hannu da ƙyalle ne ke ƙara masa ƙyalli.

In ya tsage, kada ka ɗura masa gam na kanti, kai wa mai gyaran urushi. Ɗanyen ƙaron yana kawo ƙuraje da ƙaiƙayi mai tsanani. In ya taɓa fata, a goge da man girki tukuna, sannan a wanke da sabulu.