Kafin ka ɗau jaka ka nufi Abuja neman aiki, zauna mu yi lissafi

Ƙanina, na san yadda abin yake, ka gama makaranta ko ka gama koyon sana'a, gari ya yi maka zafi, abokinka ya zo hutun sallah daga Abuja da sabuwar waya da shadda mai maiƙo, ya ce maka wallahi can kuɗi ne kawai, kai ma sai ka ji zaman gida ya ishe ka. Ba zan hana ka tafiya ba, cin rani ba yau aka fara ba, iyayenmu da kakanninmu sun yi. Amma akwai lissafin da ya kamata ka yi tun kana ɗakin mahaifiyarka kana cin tuwon da ba kai ka saya ba, don in ka bari sai ka sauka a tashar Jabi ko Utako tukun, toh lokacin lissafin ya riga ya wuce.

Fara da albashin kansa. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya yanzu naira 70,000 ne, Shugaba Tinubu ya sa hannu a watan Yulin 2024, kafin nan 30,000 ne tun 2019. Masu bautar ƙasa kuma alawus ɗinsu ya koma 77,000. Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk inda ka samu aiki dole a ba ka dubu saba'in ɗin nan, ba haka bane. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta hau kan mai aikin 'yan awoyi (part-time) ba ko wanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da ya yi. Kaga kenan shagon POS, gidan abinci, ƙaramar makarantar kuɗi, gadin gida, yaron shago, duk waɗannan abin da kuka yi ciniki da mai wurin shi ne albashinka. Kuma mafi yawan samarinmu da ke zuwa irin waɗannan ayyukan suke fara samu.

In kamfani ne babba, ka tambaya a fili: kuɗin da kuka faɗa ɗin nan, shi ne zai shigo asusuna ko sai an cire? Domin dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ɓangarenka, kamfani ya ƙara kashi 10 daga nasa, sannan ga haraji, duk da sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe haraji kan naira 800,000 na farko a shekara. Kar ka ji kunyar tambaya, ba rashin ladabi bane, guminka ne.

Yanzu ga inda nake so ka natsu sosai, maganar wurin kwana da kuɗin mota, don nan ne albashin Abuja yake narkewa. Aikin yana Wuse, Garki, Maitama, Jabi ko Gwarinpa, amma kai ba a nan za ka kwana ba, hayar waɗannan unguwanni ba ta sabon zuwa bace. Za ka samu kanka a Nyanya, Mararaba ko Masaka ta ɓangaren Nasarawa, ko Kubwa, Dei-Dei, Gwagwa, Zuba har Madalla da Suleja ta ɓangaren Neja, ko Lugbe a hanyar filin jirgi, ko Mpape a bayan Maitama. Duk inda haya ta yi sauƙi toh nisa ya ƙaru, kuma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ya zama wani haya na biyu. Wanda ya taɓa bin hanyar Mararaba zuwa shataletalen AYA da ke Asokoro da safe ya san me nake nufi, ana idar da asuba kake fita in kana so ka isa ƙarfe takwas, da yamma kuma gosulo ya riƙe ka har bayan isha'i, ka dawo jiki duk ya mutu ba ka da ƙarfin yin wani abu na gefe.

Ga yadda za ka yi. Ɗauki takarda da biro, kira wanda yake zaune a unguwar da kake tunanin sauka, ba wanda ya zo hutu yana burga ba, ka tambaye shi nawa yake kashewa zuwa da dawowa a rana a wannan satin da ake ciki. Ka ninka sau 26 in har Asabar ake aiki. Ka tambayi kuɗin ɗaki ɗaya na shekara, don can shekara ake biya gaba ɗaya ba wata-wata ba, ka ɗora kuɗin ejan da na rubuta yarjejeniya, yawanci kowanne kashi goma ne cikin ɗari, wasu masu gidan har da kuɗin ajiya ko za ka ɓata wani abu. Raba wannan gida 12. Sai abinci sau biyu a rana a ƙalla, ruwan mai ruwa don unguwanni da yawa ba famfo, kuɗin wuta, data, sabulu, da ɗan abin da za ka tura wa Inna tunda ka san ranar da ka tafi ranar za a fara sa ran saƙo. Misali kawai, a ce an yi maka 100,000 a wata, mota tana cin 2,000 kullum, kaga 52,000 ta tafi tun ba ka sa komai a baki ba. In abin da ya rage bai fi wanda kake samu a Kano ko Funtuwa kana kwana gida kyauta ba, toh me za ka je yi? Na ga samari da yawa da suka shekara biyu a haka, ba su tara ko sisi ba, kuma kunya ta hana su komawa.

Shi ya sa aikin da ke da wurin kwana ko motar ma'aikata ko abincin rana, ko da albashinsa ya ɗan gaza, sau da yawa ya fi wanda lambar take da girma.

Sai maganar wane aiki ne ma ake samu. Gaskiya mai sana'ar hannu ya fi mai takarda zalla saurin tsayawa da ƙafarsa a garin nan, saboda Abuja gari ne da kullum gini ake. Birkila, kafinta, mai walda, fulamba, mai wayarin, mai sa tayil, mai haɗa sola, mai gyaran AC, waɗannan in hannunka na da kyau kuma ba ka saɓa alƙawari, aiki ɗaya ne zai jawo maka wani. Kasuwar kayan gini ta Dei-Dei da wurin makanikai na Apo wurare ne da ake haɗuwa da iyayen gida. In za ka iya, ka yi jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ko ta NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, kafin ka taso, kamfanonin gini suna tambayar satifiket ɗin. Direba kuma ya zo da lasisinsa na gaske mai rai. Leburanci a wurin gini akwai, kullum ake biya ko duk sati, amma yau akwai gobe babu, da damina ma aikin yakan ja baya, kar ka yi lissafin kwana talatin da shi.

In tunaninka acaɓa ne, ka sani an hana shi a tsakiyar birni tun 2006, sai a unguwannin gefe, kuma kamen babura ba wasa. Talla a bakin titi ma jami'an hukumar muhalli suna kwashe kaya. Kar ka sayar da gonar gado ka sayi babur a kan labarin wani.

Mai digiri ko difloma, kai kuma kar ka zo da niyyar zaga ma'aikatun gwamnati da fayil a hammata, wannan zamanin ya wuce. Tun kana gida ka gyara CV ɗinka, ka buɗe shafukan neman aiki irin su LinkedIn da Jobberman, ka riƙa nema, in an kira ka intabiyu sai ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa a Kaduna ka sauka Kubwa ko Idu, ko ka bi mota, ka yi ka koma. Ya fi maka arha nesa ba kusa ba a kan zama wata shida a ɗakin wani kana jiran tsammani. Ka koyi Excel da rubuta wasiƙa da Turanci mai tsabta, ka kuma saba da broka don ita ce yaren tasha da kasuwa da wurin gini.

Don Allah ka kiyayi masu sayar da aiki. Duk wanda ya ce kawo dubu ɗari kaza akwai gurbi a wata hukuma, ko aka turo maka saƙo a WhatsApp wai an ɗauke ka aikin da ba ka nema ba amma ka biya kuɗin fom ko na gwajin lafiya, rabu da shi. Wani ɗan unguwarmu sai da mahaifinsa ya sayar da shanu biyu, takardar da aka ba shi ta bogi ce, har yau maganar tana yi wa gidan ciwo. Haka in an kira ka intabiyu a wani lungu da ba ofis ba, ka gaya wa wani inda za ka. Mota kuma ka shiga a tasha, kar ka tare ta bakin hanya musamman da dare saboda 'yan wan cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi.

Kafin ranar tafiya ka tabbatar kana da NIN, asusun banki da BVN, hotunan fasfo, kwafin takardunka a waya da a leda, asalin kuma kar ka miƙa wa kowa ya riƙe. Ka nemi wanda zai tsaya maka garanto, don gadi da tuƙi da aikin shago kusan duk sai da shi. Ka yi magana da mai masaukinka baki da baki, kwana nawa zai iya ɗaukarka, kar ka faɗo masa kawai da jaka shi ma ƙila su huɗu ne a ɗakin. Ka riƙe guzurin wata biyu a ƙalla tunda albashin farko sai ƙarshen wata, wani wurin ma ya zarce.

In ka fara aikin, ka nemi a rubuta maka sharuɗɗa, dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku da farawa a ba ma'aikaci takarda mai nuna aikinsa da albashinsa da yadda za a rabu. In ƙaramin wuri ne da ba sa rubutu, ko saƙon waya ne ka sa maigidan ya turo maka da adadin da ranar biya, ka adana. Kuɗin motar komawa gida kuma ka ware shi daban a wani asusun da ba ka taɓawa, ka ba kanka wata shida, ranar da suka cika ka sake ɗauko takardar lissafin nan ka duba nawa ka tara.