Kafin ka sayi wilin keken fiksi, duba cibiyarsa tukuna

Wilin baya na farko da na saya wa kekena fiksi, wato keken da fedarsa ba ta daina juyawa muddin wilin baya yana juyawa, bai yi wata uku ba. Ido ne ya ja ni: rim mai zurfi, baƙi ƙirin yana sheƙi, ga araha. Wata rana ina gangara na danne feda baya don in rage gudu, sai na ji ƙafata ta tafi fayau, babu abin da ya tare ta. Ashe tiredin cibiyar wilin ne ya cinye, ƙaramin farantin kaca ya kwance. Allah ya sa ina da birkin gaba. Tun daga ranar, in zan sayi wili, rim ne abu na ƙarshe da nake kallo.

Ka fara da awo, kada ka yarda da kintace. Cire wilin baya ka auna tazarar da ke tsakanin ƙafafun firam biyu daga ciki. Firam ɗin da aka ƙera don fiksi milimita 120 ne. In kuwa tsohon keken tsere ne aka mayar fiksi, za ka iya samun 126 ko 130, to sai ka nemi wili mai dogon aksul da za a cike giɓin da ƙananan zobban ƙarfe. Gaba kusan kullum 100 ne. Sannan karanta gefen tayarka. In ka ga 622, kamar 25-622, girman 700c ke nan, wanda ya fi yawa a kasuwa. In 630 ka gani, tsohon inci 27 ne, kuma tayar ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗayan ko da za ka kwana kana turawa.

Yanzu cibiya, inda duk maganar take. Cibiyar fiksi ta gaskiya tana da tiredi hawa biyu a gefe guda. Babban hawan na faranti ne, yana ɗauruwa in an murɗa shi dama. Ƙaramin da ke waje na zoben kulle ne, shi kuma hagu ake murɗa shi ya ɗauru. Dabarar ita ce, duk lokacin da ka danne feda baya faranti yana so ya kwance, sai ya tura zoben, zoben kuma ya ƙara tamkewa. Akwai wili masu araha da ake tallarsu da sunan fiksi alhali tiredin hawa ɗaya ne, na firiwil zalla, wato farantin da ke barin wili ya juya ko ba ka taka feda ba. Wasu sukan shafa gam su ɗaure faranti a kai su ce ya zauna. Ni dai ba zan hau ba, kuma ba zan ba ɗan'uwana ya hau ba. Sa yatsa ka ji hawan nan biyu, in ta intanet kake saye ka nemi hoton cibiyar ba faranti a jikinta.

Yawancin wilin da za ka samu masu fuska biyu ne, gefe ɗaya fiksi, ɗayan firiwil. Ni na fi son wanda duka gefen biyu na fiksi ne. Firiwil yana hawa tiredin fiksi ba matsala, kuma in tsautsayi ya cinye gefe ɗaya, ka juya wilin ka ci gaba da tafiyarka.

Abin da ya kashe min wilin farko ma ba cibiyar kaɗai ba ce, har da farantin da aka haɗo kyauta. Irin wanda aka buga daga fallen ƙarfe ne, tiredinsa siriri, bai kama almuniyon cibiya da kyau. Ka ajiye shi gefe ka sayi wanda aka sassaƙa da inji, da zoben kulle na ƙarfe mai kauri. Nan ne wurin da ƙarin kuɗi kaɗan yake ceton wili gaba ɗaya. Shafa giris a tiredi, ɗaure faranti tamau, ɗaure zobe, ka hau ka taka da ƙarfi a ɗan tudu ba tare da danne feda baya ba, ka sauko ka sake ɗaure zoben. Za ka tarar ya ƙara shiga. Ka lura da kaurin haƙora kuma: kacar inci 1/8 tana hawa farantin inci 3/32, amma kacar 3/32 ba ta hawa na 1/8. A yawancin cibiyoyin fiksi faranti yana zama wajen milimita 42 daga tsakiyar keke, sai ka leƙa ta baya ka ga ko kaca ta miƙe sak zuwa babban faranti. In ta karkace za ka sha ƙara, wata rana ma ta zame.

Boris iri biyu ne. Akwai na rufe, wanda in ya mutu a fitar da shi a sa sabo, akwai na ƙwallaye a sake, mai son a buɗe a wanke a sa giris lokaci zuwa lokaci. Mai araha na ƙwallaye yakan zo a matse fiye da kima tun daga masana'anta. In ba ka da haƙurin kunce-kunce, ɗauki na rufe. Cibiyoyin kamfanonin Formula da Novatec su ne a jikin wili masu sauƙin kuɗi da yawa, sau da dama da wani suna aka manna a kai, kuma suna aiki. Aksul ɗin baya ya zama mai noti, sifana mai lamba 15, domin kacar fiksi tana jan wili gaba da ƙarfin gaske.

Wayoyin wili, ka nemi 32, kowace ta gitta uku, na ƙarfen da ba ya tsatsa. In kana da jiki ko hanyarka ramuka ce, 36. Masu 20 ko 24 sun fi kyau a hoto, amma waya ɗaya ta tsinke wilin ya murɗe har ya riƙa gugar firam. Inji ne ke haɗa wili mai araha, shi ya sa wayoyin ba sa zuwa da ɗauri ɗaya. Ka ɗan kaɗa su da farce ɗaya bayan ɗaya, ka saurari sautin. In wata ta yi ƙara siririya wata ta yi luɓus, kai wa mai gyaran da ya iya daidaita wili kafin ka hau, sannan ka mayar masa bayan mako biyu ko uku. Na ga wili mai araha da aka yi wa haka ya daɗe fiye da mai tsada da ba a taɓa ba.

Rim kuwa, abu uku. Ya zama mai bango biyu. In kana sa birki, kuma ina ba ka shawarar ka sa ko na gaba ne, gefensa ya zama an goge shi don robar birki, domin a kan fenti birki kuka yake yi, in an yi ruwa kuma ba ya kamawa. Na uku, zurfi. Rim mai milimita 40 ko fiye na almuniyo nauyi ne kawai, iska ta gefe tana kaɗa shi, kuma dole ka nemi tub mai dogon bawul, 60 ko sama. Tsakanin 20 da 30 ya wadatar. In kana son taya mai faɗin milimita 28, duba ko firam da fok za su ɗauke ta kafin ka biya.

Kada ka raina na hannu. Tsohon wili mai rim ɗin Mavic Open Pro da mutum ya haɗa da hannunsa ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Sai dai ka sa a cire faranti ka ga tiredi da idonka, ka duba tsagewa a bakin ramukan waya, ka shafa inda birki ke kamawa ka ji ko ya yi kwarmi, ka juya aksul da yatsa ka ji ko akwai yashi-yashi. Kuma in wilin gabanka lafiyarsa ƙalau, bar shi inda yake, ka tattara kuɗin duka ka zuba a na baya. Haka na yi a karo na biyu. Kekena gaba fari ne baya baƙi har yau, abokai suna ta tsiya, ni kuwa zoben kulle bai sake motsi ba.