Yadda Ake Ƙididdigar Kamun Kifi a Bakin Ruwa Domin Bincike

Idan ka zauna da tsohon masunci a Yawuri ko a Nguru, zai shaida maka cewa kifi ya ragu, kuma irin giwan ruwan da ake kamawa a zamanin ƙuruciyarsa ya yi wuyar gani. Maganarsa tana da nauyi, sai dai hukumar da za ta kafa doka a kan girman idon raga ko lokacin hana kamun kifi tana buƙatar lissafin da aka tattara a kan tsari ɗaya na tsawon shekaru. Irin wannan aikin ne Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Busa ta daɗe tana yi a tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwan a 1968, kuma ɗalibi ko ma'aikacin gona zai iya bin hanyar da kayan aiki kaɗan.

Kafin ka fito da sikeli, ka fara da gaishe da sarkin ruwa da mai unguwa, ka yi musu bayanin manufarka filla-filla. Masunta da dama suna ɗaukar duk mai littafi da biro a matsayin mai karɓar haraji, kuma wanda yake tsoronka zai sauke rabin kamunsa a wata mashaya, wato wurin da jirage suke tsayawa a bakin ruwa, kafin ya iso gabanka. A ganina, makon da aka ɓatar wajen samun amincewarsu ya fi duk wani kayan awo amfani.

Daga nan sai ƙidayar farko, wadda ake yi sau ɗaya a shekara. A nan za ka zagaya ƙauyukan bakin ruwa ka rubuta yawan masunta, da kwale-kwale, da masu inji a cikinsu, da irin kayan sun da kowa yake amfani da shi, wato kalli, birgi, mamari, gura ko dala. Bayan haka ka zaɓi mashayu kaɗan da ranakun da za ka riƙa zuwa a kowane wata, kuma kada ka taƙaita a ranakun kasuwa, domin a ranar kasuwa ana kawo kifin da aka tara daga wurare masu nisa.

Ka isa bakin ruwa da asuba, kafin jiragen masunta su fara dawowa. Idan kwale-kwale ya tsaya, ka nemi izini ka ware kifin jinsi-jinsi, karfasa a gefe, tarwaɗa a gefe, haka kurungu da tsage da bargi, sannan ka auna nauyin kowane kashi da sauri, saboda 'yan sari suna jira kuma kifi ba ya jure rana. A kan wani katako mai ma'aunin santimita za ka ɗora wasu daga cikin kifayen, bakinsu ya taɓa jikin katakon da aka kafa a sifiri, ka karanta tsawonsu har ƙarshen wutsiya. Ka ɗebo su ba tare da zaɓe ba, domin hannu yakan kai ga babba ba tare da mutum ya sani ba.

Abin da ya fi muhimmanci, kuma aka fi mantawa da shi, shi ne rubuta wahalar da aka sha kafin a samu kifin. Ka tambayi masuncin yawan ragar da ya shimfiɗa, da tsawonta, da awannin da ta kwana a ruwa, da girman idonta. Zai ce maka yatsa biyu ce ko yatsa uku, amma tunda yatsun mutane ba ɗaya ba ne, ka miƙe idon ragar ka auna shi da kanka. Dalilin wannan ƙoƙari shi ne jimillar kamu tana yaudara. A misali, idan jirage 10 sun kawo kilo 200 a bara, bana kuma jirage 20 suka kawo kilo 240, mai kallon kasuwa zai ce an samu ƙari, alhali rabon kowane jirgi ya faɗo daga kilo 20 zuwa 12. Idan aka haɗa wannan da raguwar tsawon kifin da ake kamawa, alama ce cewa ana kwashe shi tun bai kai munzalin yin ƙwai ba.

Sai kuma ruwan kansa. Ka auna zafinsa, ka sauke faifan Secchi mai faɗin santimita 20, wanda aka yi wa fenti fari da baƙi, ka rubuta zurfin da ya ɓace maka daga gani, domin sanin yadda ruwan yake da haske ko gurɓata. Idan kana da na'urar auna iskar oksijin, ka yi awon da sassafe, lokacin da take mafi ƙaranci. Dole ne kuma ka fassara lissafinka daidai da yanayin wurin. Kainji yana samun cika biyu a shekara, wato farin ruwa na damina da baƙin ruwa mai isowa da rani daga ƙasashen Gini da Mali, saboda haka kwatanta kamun Satumba da na Janairu kuskure ne. A fadamun Haɗeja da Nguru kuwa, madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ambaliya take zuwa, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, don haka raguwar kifi a can ba lallai laifin masunta ba ne.

Kowace yamma ka kwafe abin da ka rubuta zuwa kwamfuta ko wani littafi na biyu, ka ajiye sunan kifin na gida tare da sunansa na kimiyya da hotonsa, domin suna ɗaya yakan nufi kifi daban daga wannan gari zuwa wancan. Idan shekara ta zagayo, ka koma wurin sarkin ruwa da jama'arsa ka karanta musu sakamakon da Hausa, ka kuma rubuta gyaran da za su yi maka kafin ka miƙa rahoton ga hukuma.