Masu ciwon baya, a rage kwanciya

Jama'a, wanda ciwon baya ya wuce masa wata 3, musamman teloli da direbobi, ya daina yini a kwance, ƙara sandarewa bayan yake yi. A riƙa tattaki kaɗan-kaɗan. In kana kan keken ɗinki, miƙe duk rabin awa, ka dafa ƙugu ka yi miƙa.

Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 kan ciwon baya ba ta goyi bayan ɗaura bel ɗin ƙugu ko shan irin su tramadol ba. In ana shan maganin ciwo diclofenac kullum kuwa, ƙoda da ciki ke shan wahala. Shafin intanet na NHS, hukumar kula da lafiya ta Ingila, yana da bidiyon motsa jiki kyauta.

Amma in ƙafa ta saki, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko ana rama da zazzaɓi, sai asibiti nan take.